Shekara 19 rabona da babur, wanne zan saya don doguwar tafiya?

Assalamu alaikum. Shekaruna 52, kuma shekara 19 ke nan rabona da hawa babur. A da ina da ɗan babur mai injin 250 wanda na hau kusan shekara goma, na sayar da shi lokacin da hidimar iyali ta yi yawa, na koma mota. Yanzu yara sun tasa, na ɗan samu sarari, burina in riƙa yin tafiyar kwana huɗu ko mako guda, galibi a kan kwalta, jefi-jefi hanyar burji. Tsayina santimita 170, nauyina kilo 84, gwiwata ta hagu tana ɗan damuna. Aminina yana da BMW R 1250 GS, ya dage in sayi irin nasa, wai in na sayi ƙarami cikin wata shida zan raina shi. Babban ɗana ya ce kada in wuce mai injin 300. Uwargida hankalinta bai kwanta ba sam, amma ta ce in dai sai na saya, to wani lokacin za ta riƙa bi na. Zuciyata ta fi karkata ga matsakaici, 500 zuwa 750, amma na rasa wanne. Kuma ina jin nauyin gaya musu cewa ni kaina ina ɗan jin tsoro. Aminin nawa har ya tsara mana tafiyar kwana shida nan da wata biyu.

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da abin da ka sakaya a ƙarshen wasiƙarka, wato tsoron nan. Kada ka ji kunyarsa. Wanda ya yi shekara 19 bai ɗora ƙafa a kan babur ba, sannan ya ce ko ɗar ba ya ji, shi ne abin a ji wa tsoro. Hannu da ƙafa ba sa manta kuloci da giya, cikin minti goma za ka ga kana tafiya sai ka ce jiya ka sauka, kuma wannan ne ke yaudarar masu dawowa. Abubuwan da suka kwanta maka su ne waɗanda ba a neman su sai ranar tsautsayi: birkin gaggawa, kauce wa rami ba shiri, sanin inda ake sa ido a kwana, da gane direban da ke shirin shigo maka. Shekarun da ka yi a mota ma sun koya maka wasu ɗabi'u, kamar taka birki da ƙafa kaɗai da sakin jiki cewa kowa na ganinka. Su ma baburan sun canza. Naka na da mai kafireta ne, da wuya ya kai kilo 150, totur ɗinsa mai sanyin amsawa. Na yanzu kwamfuta ce ke ba injin mai, da ka ɗan murɗa ya amsa, birkin gaba kuma da yatsa biyu yake tsayar da babur cak.

Amininka ba ƙarya ya yi ba da ya ce babban babur ya fi daɗin doguwar hanya. A kan miƙaƙƙiyar kwalta irin nasa ba ya gajiya, iska ba ta kaɗa shi, ba shi da sarƙar da za a yi ta shafa wa mai. Amma shi bai daina hawa ba, kai ka daina. R 1250 GS kilo 249 ne da cikakken tanki, ƙarfin doki 136, tsayin sirdinsa santimita 85 zuwa 87. Ka ɗora akwatuna da kaya, ya doshi kilo 290. Nauyin nan ba a jin sa idan ana gudu. Ana jin sa ne a gidan mai da ƙasa ta jiƙe da baƙin mai, ko wajen juyawa a ƙaramin titi mai gangara, ko lokacin da ka tsaya ƙafarka ta sauka a kan tsakuwa. Da babur ya karkata ya wuce wani mizani, ƙafa ɗaya ba ta iya maido shi, balle ƙafa mai ciwon gwiwa. Batun cewa za ka raina matsakaici kuwa, babur mai ƙarfin doki 47 zuwa 70 ya ninka wanda ka saba da shi sau biyu ko uku, kuma yana wuce duk wata iyakar gudu da doka ta sa a babbar hanya. In ma ka raina shi bayan shekara guda, sai ka sayar ka ƙara, ba a yi asarar komai ba sai 'yan kuɗi.

Ɗanka kuma ƙauna ce ta sa shi magana, kuma da kai kaɗai za ka riƙa yawo, da na ce shawararsa ba ta da laifi. Masu injin 300 suna tsakanin kilo 165 da 180, sauƙin sarrafawa gare su. Inda suke gazawa shi ne goyo da kaya a babbar hanya: injin na ihu a gudun kilomita 110, kan babur na karkarwa har hannu ya yi sanyi, kuma idan za ka wuce doguwar mota sai ka daɗe a gefenta, wanda shi ne wurin da ba a son mai babur ya daɗe. Don haka zuciyarka ta yi daidai da ta tsaya a matsakaici.

Sai dai kada girman injin ya zama ma'auninka. Abu biyu za ka sa a gaba: nauyi, da yadda ƙafarka ke samun ƙasa. Ka sa takalmin da za ka riƙa hawa da shi, ka jingina da bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi sama, a auna daga ƙasa zuwa bakin littafin. Mai tsayinka yawanci yana samun santimita 76 zuwa 80, yawancin baburan tafiya kuma sirdinsu yana tsakanin 80 da 85. Kada wannan bambancin ya tsorata ka, domin babur na nutsawa santimita uku ko huɗu idan ka zauna. Faɗin sirdi ma yana da tasiri ƙwarai: siriri mai tsayin 83 zai iya ba ka ƙasa fiye da faffaɗa mai tsayin 81, saboda faffaɗan yana ware cinyoyi. Abin da kake nema shi ne ko dai tafin ƙafa ɗaya ya zauna daram, ko gaban ƙafafu biyu su taka sosai. In a kan tsinin yatsu kake tsaye, wannan babur ba naka ba ne, komai kyansa.

Gwiwar hagun nan fa ka ba ta muhimmanci, domin ita ce ke yin aikin da ya fi yawa. A kanta kake tsayawa idan za ka hau, ita ke canza giya, ita ke sauka ƙasa idan ka tsaya tunda ƙafar dama na kan birkin baya. Akwai kuma wani abu da mutane ke mantawa: gajeren sirdi na kusanto da kai ƙasa, amma yana ƙara lanƙwasa gwiwa a kan matakin ƙafa, kuma lanƙwasar awa uku ita ke tayar da ciwo. Saboda haka idan ka je dubawa kada ka zauna na minti ɗaya ka sauka. Ka sa a riƙe maka babur ɗin ko a kafe shi a jak na tsakiya, ka ɗora ƙafafu biyu a mataki ka yi minti goma sha biyar. Sannan ka sauka, ka ɗaga shi daga jak na gefe, ka tura shi gaba mita biyar, ka ja shi baya, ka murɗa kan har ƙarshe ka zagaya da shi. Ka tambayi yawan man da ke tanki, domin lita 20 ta fetur kilo 15 ce, kuma a can sama take zaune. Babur mai cikakken tanki a sama kamar mai ɗauke da tulu ne a ka, da ya ɗan karkata sai ruwan ya ja shi. Wanda aka gwada da tanki fayau zai ba ka mamaki ranar da ka cika shi.

Yanzu ga baburan da suka cancanci ka zauna a kansu. Honda CB500X, wanda aka sake wa suna NX500 a 2024, yana da injin 471 mai silinda biyu, ƙarfin doki 47, nauyi ɗan ƙasa da kilo 200, sirdi siriri mai tsayin 83, da tankin lita 17 da rabi da ke kai mutum kusan kilomita 400. Daga ƙirar 2019 tayar gabansa inci 19 ce, wadda ta fi ta inci 17 haƙuri da rami da burji. Totur ɗinsa mai ladabi ne, ba ya fizga. Aibinsa ɗaya: da goyo da kaya a hawan tudu sai ka sauko da giya ɗaya ko biyu kafin ka wuce mota.

Suzuki V-Strom 650 ya fi shi jiki: injin 645, ƙarfin doki kusan 70, kilo 213, sirdi 83 da rabi, tankin lita 20, tayar gaba inci 19. A 2004 aka fara ƙera shi, don haka bakanikai sun san shi kuma kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Wurin zaman goyo faffaɗa ne, kuma yana da wani murfi a gefe da ake murɗawa da hannu a ƙara wa shokozobar baya ƙarfi idan an ɗora kaya. Daga 2017 an sa masa na'urar hana tayar baya sulɓewa. Kawasaki Versys 650 ɗan ajinsu ne, tankinsa lita 21, amma ya fi tsayi, sirdinsa ya kai 84 ko ya ɗara, kuma tayoyinsa inci 17 ne na kwalta zalla. Ina ganin zai yi maka tsawo.

Honda NC750X wani ɗan daban ne. Tankinsa na lita 14 a ƙarƙashin sirdi yake, injin kuma a kwance yake zuwa gaba, don haka kilo 214 ɗinsa a ƙasa suke, ba ka jin su kamar yadda lambar ta nuna. Inda aka saba ganin tanki akwati ne mai ɗaukar hular kwano. Daga 2021 sirdinsa santimita 80 ne, kuma akwai mai giya mai canza kanta, DCT, wanda ba shi da hannun kuloci, ya kuma hutar da ƙafar hagu, sai dai ya ƙara kusan kilo 10. Shan mansa kaɗan ne, ƙaramin tankin ma yana kai ka sama da kilomita 300. Abin lura biyu: cikinsa kusa da ƙasa yake, ba ya son gargada, kuma sai an ɗaga sirdin baya ake zuba mai, don haka duk jakar da ka ɗaure a nan sai ka kwance ta a kowane gidan mai. Yamaha Tracer 7 da Triumph Tiger Sport 660 kyawawan babura ne marasa nauyi, amma masu zafin nama ne, ƙarfin doki sama da 70, sun fi dacewa da wanda hannunsa bai kwanta ba. Yamaha Ténéré 700 da Honda Transalp 750 kuwa ka bar su: sirdi 87 da rabi da 85, tayar gaba inci 21 mai tiyub, an yi su ne don wanda rabin tafiyarsa a daji take.

Idan ra'ayina kake so kai tsaye, CB500X na 2019 zuwa sama ko NX500 shi ne na farko. Idan kun zauna da uwargida kun tabbatar cewa goyon zai zama na yau da kullum, kuma ƙafarka ta samu ƙasa a kan V-Strom 650, to shi ne zai fi yi muku, ko da za ka sa masa gajeren sirdin da kamfanin ke sayarwa. Idan kuwa gwiwa ta ƙi, ko ƙafa ba ta kai a kan waɗannan biyun ba, sai NC750X. Kada ka yi saurin yarda a rage wa babur tsayi ta hanyar canza ƙarafunan shokozoba. Yana yiwuwa, amma yana rage tazarar ciki da ƙasa, yana canza yadda babur ke shiga kwana, dole a sauke gaban daidai da bayan, a kuma rage tsawon jak na gefe, in ba haka ba babur ya riƙa tsayawa a miƙe har iska ta kayar da shi ta ɗaya ɓangaren.

Abu ɗaya da ban yarda a yi ciniki a kansa ba shi ne ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an danne birki a firgice. Mai dawowa bayan dogon hutu yana iya cafkar birkin gaba da ƙarfi in ya firgita, kuma tayar gaba in ta ƙame, faɗuwa ce nan take. Ka kuma nemi tayoyi marasa tiyub. In ƙusa ta shiga, da ɗan kayan faci da ƙaramin famfo za ka toshe ramin a gefen hanya cikin minti goma sha biyar ba tare da ka cire taya ba. Mai tiyub sai an kwance tayar dungurungum.

Sabo ko na hannu? Na fi son ka fara da na hannu mai tsabta, ɗan shekara uku zuwa shida, domin akwai yiwuwar zai kwanta a ƙasa ko sau ɗaya a watannin farko, a tsaye ma ba a guje ba, kuma ƙarcen farko a jikin sabon babur yana da ciwo. Ka je da bakanike, ka kuma roƙi kada a tayar da injin kafin ku iso. Ka taɓa shi ka ji da sanyi, sannan a tayar, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye wuyar tashi da hayaƙi. A gefen kowace taya akwai rubutu da ke farawa da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida robarta ta taurare ko da zanenta bai cinye ba, ka sa kuɗin sabuwa cikin lissafinka. Ka ja sarƙa daga bayan faifan haƙora na baya, in ta ɗago har ka ga rabin haƙori to ta ƙare, kuma sarƙa da faifai biyun tare ake canza su. Ka shafa yatsa a sandunan shokozobar gaba, in akwai mai to robar ta mutu. A ɗaga tayar gaba a juya kan babur hagu da dama a hankali, in yana maƙalewa a tsakiya to boris ɗin wuya ya lotsa. Ka duba ƙarshen hannun babur da matakan ƙafa da bakin salansa, nan ne faɗuwa ke barin shaida. Ka nemi takardun sabis, musamman na duba tazarar bawul, wanda a wannan ajin ake yi tsakanin kilomita 24,000 da 40,000 gwargwadon ƙira. Man birki kuma duk shekara biyu ake canza shi saboda yana shan danshi, in ya yi duhu ka san an yi sakaci.

Sayen shi ne mai sauƙin. Kafin ka hau, ka tabbatar lasisinka na babur yana aiki, ka yi inshora, ka je a auna maka ido, ka kuma nuna wa likita gwiwar. A shekara 52 ido ba ya saurin sabawa da duhu da hasken fitilar mota kamar yadda yake yi a 33. In akwai makarantar koyon tuƙin babur kusa da kai, ka biya kwana ɗaya ko biyu. Ba ƙasƙanci ba ne, kuma mai koyarwa zai ga kuskuren da kai ba za ka gani ba. In babu, ka samu fili mai kwalta da babu motoci. Ka fara da tafiyar hawainiya: kuloci a rabi, totur ɗan kaɗan a tsaye, ƙafa na ɗan goga birkin baya. Daga nan ka yi juyawa cikin faɗin mita bakwai, ka rage zuwa shida, kana juya kai kana kallon inda za ka, ba tayar gaba ba. Kada ka taɓa birkin gaba alhali kan babur a murɗe yake kana tafiya a hankali, wannan ne ke jefar da yawancin mutane a wurin ajiye motoci. Sai birkin gaggawa a miƙe, daga gudun 30, zuwa 40, zuwa 50. Ka matsa hannun birki a hankali na ɗan ƙiftawar ido don nauyi ya koma tayar gaba, sannan ka ƙara matsawa sosai. Ka yi har ka ji ABS na bugawa a yatsunka, don ranar da ya buga da gaske kada ka firgita ka saki.

Kwana ma sai ka sake koyonta da sani. Da zarar gudu ya wuce kilomita 25, babur na karkata ne idan ka tura hannun ɓangaren da kake son zuwa: ka tura hannun dama gaba, ya kwanta dama. Ka daɗe kana yin haka ba tare da ka lura ba, amma sai ka san shi za ka iya amfani da shi ranar da kwana ta matse fiye da yadda ka zata. Ka rage gudu kafin ka shiga, ka sa ido a mafita. Babur na bin ido, wanda ya ƙura wa rami ido cikinsa zai faɗa. Kuma ka riƙe wannan lissafin: a gudun kilomita 100 kana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kafin ma hannunka ya kai birki ka shafe wannan tazarar ko fiye. Ka bar daƙiƙa uku tsakaninka da motar gaba. Bayan filin, sai fita ta kilomita 40 ko 50 da safe a hanyar da ka sani, sai 150, sai 300 a yini ɗaya, sai tafiyar kwana ɗaya da kaya. In sababbin tayoyi ka sa, ka bi su a hankali kilomita 150 na farko, suna da santsi.

Mu dawo kan uwargida, domin ina ganin ba a saurare ta da kyau ba. Matar da ta ce hankalinta bai kwanta ba, sannan ta ce za ta bi ka, mai yiwuwa ba sha'awar babur ce ta kama ta ba. Wataƙila ta fi son ta kasance tare da kai a kan ta zauna tana jiran waya. Ka tambaye ta a natse, ka kuma gaya mata gaskiyar da ka gaya mini, cewa kai ma kana jin tsoro kuma ga matakan da ka tsara. Jin haka zai fi kwantar mata da hankali fiye da ka yi ta cewa ba komai. Ka yi mata alkawuran da za ka iya cikawa: ba tafiyar dare, cikakkun kayan kariya ko da zafi ake, kira a duk zango. Kada ka goya ta sai ka yi aƙalla kilomita 2,000 kai kaɗai a kan wannan babur ɗin. Ranar farko ku yi minti ashirin kawai. Ta jira sai ka ce ta hau, kana riƙe da birkin gaba ƙafafunka biyu a ƙasa, ta bar ƙafafunta a mataki ko kun tsaya, a kwana kuma ta leƙa ta kafaɗarka ta ɓangaren da kuke karkata. Tazarar tsayawa za ta ƙara tsawo, gaban babur zai yi sauƙi. In ta gwada ta ce ba ta so, ka karɓa da hannu biyu.

Goyo na da lissafinsa. Kowane babur yana da iyakar abin da zai ɗauka, a littafinsa take rubuce, kuma a wannan ajin tana tsakanin kilo 180 da 210 ko kusa da haka. Kai da kayan jikinka kilo 90, ita da nata a ce 75, akwatuna uku da ƙarafunansu fayau kusan 15, abin da ke ciki 20. Ka ga kun kai 200. Shi ya sa na ce V-Strom in goyon da gaske ne. Duk ranar da za ku fita tare ka ƙara wa shokozobar baya ƙarfi, ka ƙara iskar tayar baya zuwa adadin da aka rubuta a jikin babur ɗin, ka auna tayoyin da sanyinsu. In ba ka yi ba baya zai zauna, fitila ta haska sama, babur ya riƙa buɗewa a kwana. Kaya masu nauyi a ƙasan akwatunan gefe suke zama, hagu da dama daidai wa daida. Akwatin baya na sama ba ya son fiye da kilo biyar zuwa goma, in ka cika shi da ƙarafa kan babur zai fara rawa a babban gudu.

Tsohuwar hular kwanonka, in tana nan, ta gama aiki. Soson da ke cikinta ya tsufa, masu ƙera su kansu suna cewa a canza bayan kimanin shekara biyar ana amfani. Ka sayi mai rufe haɓa, mai tambarin ECE 22.06, wato ma'aunin ingancin hular kwano na Turai, ta matse kumatu ba tare da ta danne goshi ba. Sai riga da wando masu kariya a kafaɗa, gwiwar hannu, baya da gwiwa, safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Ka sa abin toshe kunne, domin ƙarar iska a babban gudu tana lalata ji, tana kuma gajiyar da mutum tun kafin la'asar. A jikin babur ɗin ka sa ƙarfen kare injin da jak na tsakiya, wanda zai sauƙaƙa maka shafa wa sarƙa mai duk kilomita 500 zuwa 800, da bayan kowane ruwan sama. Ka koyi ɗaga shi in ya faɗi: kashe injin, sa shi a giya, juya masa baya, kama hannun babur na ƙasa da ƙarfen baya, ka tura da cinya kana ja da baya da ƙananan taku. In ta dama ya faɗi, ka buɗe jak na gefe tukuna don kada ya wuce ta can.

Tafiyar kwana shida nan da wata biyu ta yi kusa. Ko yau ka sayi babur, tsakanin takardu da kayan kariya da sabis mako biyu ko uku sun tafi, saura mako biyar, kuma ba su isa jiki ya saba da awa shida a sirdi kwana shida a jere ba. Gajiyar rana ta uku ce ke kawo kuskure. Ka gaya wa amininka cewa kana son tafiyar amma a ɗaga ta da wata uku ko huɗu, ko kuma ka raka su kwana biyun farko ka juyo. In kun fita, kai za ka shiga gaba ka sa gudun da ya yi maka, domin mai bin ƙwararre a baya yana shiga kwana da gudun wani ba nasa ba. Ku tsayar da kilomita 250 zuwa 300 a yini, hutu duk bayan awa ɗaya da rabi, ku shiga masauki kafin rana ta faɗi, ku kuma ajiye wurin haɗuwa don in kun rabu kada kowa ya yi gudun cim ma wani. Ɗanka kuma ka ɗauke shi ya raka ka wajen gwajin, shi zai riƙe maka babur ɗin lokacin da kake zaman minti goma sha biyar ɗin, ya kuma jera maka alamomi a fili ranar atisaye.